Dalar Kaka da Ramin Kufai



Ranar wata Laraba bayan la'asar ina zaune a shago ina duba littafin bashi, sai ga wani yaro ɗan unguwar nan, wanda ni na raɗa masa suna shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya koma gefe ya yi shiru har masu ciniki suka ragu. Sannan ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu ya kwance a gabana. Dala ce ta azurfa guda shida, irin mai kan macen nan, kowace an yi mata kunne don a rataya a wuya, sai aninai da kwabbai masu huda an zura su a zare. Ya ce na kakarsa ne da ta rasu da azumin bara, a ƙasan adakarta aka same su. Ya ce akwai kuma wata gafaka a gida, da littafi rubutun hannu na mahaifin kakansa.

Wai wani baƙo ne ya sauka a gari yana sayen tsofaffin kaya. Ya ga dalolin ya taya, ya ji labarin littafin ya ninka tayin. Daga baya ya ja yaron gefe ya ce in zai samo abokai uku masu diga da shebur, akwai wani kufai a daji inda mutanen da suka binne tukwane da kawunan yumɓu, zai biya su kuɗin yini, kowane kai kuma da nasa farashi. Yaron nan fa ba ɗan iska ba ne. Kuɗin Keke Napep yake son haɗawa ya daina zaman kashe wando. Ya dube ni ya ce, "Baba Liman, ya halatta?"

Na ce masa, "Ɗana, ɗaure kayanka, ka dawo bayan Juma'a." Ban ba shi amsa nan take ba, don ni kaina ɗan kasuwa ne, kuma rabin zuciyata tana tare da mai saye. Shekara talatin ina saye ina sayarwa. Mutum ya kawo kayansa, ka taya, ya sallama, ina laifi?

Da dare na kai maganar ga ɗana da ke karatun tarihi a jami'a. Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai wannan gardamar har kotun ƙoli ta Amurka an kai ta." Ya zauna ya warware mini, ni kuma ga shi ina warware muku.

A 1970 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin hukumar UNESCO, cewa za su taimaki juna wajen hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi. Amurka, wadda tana cikin manyan kasuwannin irin waɗannan kaya, ta yi tata dokar a 1983. Yadda abin yake, ƙasar da ake wawushe wa kaya za ta roƙi Amurka, in an amince sai a ba kwastan jerin irin kayan, a ce kada a bar su su shigo sai da takardar izinin fita daga ƙasarsu, ko shaidar cewa sun bar ƙasar tun kafin a sa dokar. Shekaru da dama ba a taɓa tsofaffin sulalla ba. Sai a 2007 aka sa sulallan tsibirin Ƙubrus a jerin, a 2009 aka sa na ƙasar Sin, a 2011 wasu na Italiya.

To a can akwai mutane masu yawa da sha'awarsu ke nan, tara kuɗin mutanen da, kamar yadda wani a nan yake tara tantabaru. Suna da ƙungiya da ake kira ACCG a taƙaice, an kafa ta a 2004. Suka tashi haiƙan da kamun ƙafa wajen 'yan majalisa, da rubuta takardun koke duk lokacin da wata ƙasa ta kawo buƙata. Da hakan bai yi ba, a watan Afrilu na 2009 suka sayo sulalla ashirin da 'yan kai na Ƙubrus da Sin daga wani dillali a Landan, waɗanda kuɗinsu duka bai kai dalar Amurka 300 ba, suka shigo da su ta birnin Baltimo da gangan, ba takardar asali, don kwastan su kama, su kuma su sami hanyar kai ƙara. Aka kuwa kama. Kotun ɗaukaka ƙara ta kayar da su a 2012, kotun ƙoli ta ƙi sauraron su a 2013, suka sake zagayowa, aka sake kayar da su a 2018. Shekara wajen goma ana shari'a a kan abin da bai kai kuɗin buhunan masara kaɗan a Tudun Hatsi ba. Ka san ba don sulallan nan ake yi ba, don ƙofar da za a rufe wa kasuwarsu ne.

Amma kada mu yi musu rashin adalci, suna da hujja, kuma hujjar tasu ta ɗan kasuwa ce, na gane ta sarai. Sun ce kuɗi don yawo aka yi shi. Sulen da aka buga a Ƙubrus shekara dubu biyu da suka wuce, wa ya ce a Ƙubrus ya kwana? Fatake sun kai shi Masar, sojoji sun kai shi Sham. In an tsince shi yau a Ingila, da wane dalili Ƙubrus za ta ce nata ne? Sun ce kuma sulalla ba kamar gunki ɗaya tilo ba ne, dubbai aka buga iri ɗaya, suna ta wucewa daga hannu zuwa hannu tun zamanin kakanni, ba wanda ya taɓa yanka musu rasit. Yanzu rana tsaka a ce kawo takarda, ai an mai da mai gaskiya ɓarawo ke nan.

Wallahi da na dubi dalar kakar yaron nan sai na ga gaskiyarsu. Macen da ke jikinta sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tariza, ta mutu a 1780, kuma tun daga ran nan duk dalar da aka buga wannan shekarar ake rubuta mata, ko da an buga ta bayan shekara ɗari da hamsin. An buga ta a Biyana, an buga a Landan, an buga a Bombai ta Indiya, ɗaruruwan miliyoyi. Ta keto Sahara a kan raƙuma ta shigo Borno da ƙasar Hausa, ta zama sadaki, ta zama abin wuya. Yau ta wace ƙasa ce? Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi ma daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ya fito. Anini kuwa Turawan Ingila suka bugo mana, da hudarsa da tauraronsa mai tsini shida da rubutun Larabci a jiki, muka yi ta kashe irin kuɗinsu har naira ta zo a 1973. Kuɗi ba shi da gida, wannan ban musa ba.

Inda na rabu da su shi ne maganar takarda. A kasuwar nan tamu, wa zai sayi babur ba takardu? Wa zai sayi saniya da asuba a bayan tike, hannun wanda ba dillalin da ya san shi, a rabin kuɗinta? In ka saya, mai ita ya zo da shaidu, kowa ya san hukuncin: ya kama abarsa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka, in ka same shi. Ba wanda zai saurari "ai ni da kuɗina na saya." Kuma mun san dalilin da ya sa aka tsananta. Ɓarawon shanu ba nama yake so ba, kuɗi yake so. Ran da aka rasa mai sayen saniyar da ba a san asalinta ba, ran nan satar za ta ragu. Mai saye da ya ƙi tambaya, ko bai taɓa kwance igiya ba, shi ya sa aka kwance ta.

Tsofaffin sulallan da ke shiga kasuwar Turai sababbi fil, da ƙasa a jikinsu, ba daga adakar kakar kowa suka fito ba. Wani ne ya bi dare da na'urar gano ƙarfe ya haƙe tsohon gari. Mai tarawa a Amurka yana zaune a ɗakinsa mai sanyi, hannunsa fes, yana cewa shi masoyin tarihi ne. Na yarda yana so. Amma kuɗinsa ne ya bi ta hannun dillali, ya bi ta hannun wani dillalin, har ya zo ya zama kuɗin yinin da aka yi wa yaron unguwarmu alkawari.

Wani zai ce, to me aka rasa? Sulen yana nan, an ma wanke shi an sa a gilashi, ya fi zama a ƙasa. Nan ne ɗana ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce masu binciken ƙasa ba sulen suke nema ba, wurin da ya kwanta suke karantawa. In an same shi a cikin tukunya, a ƙarƙashin daɓen ɗaki, kusa da murhu da ƙasusuwa da gawayi, shi zai faɗa maka zamanin ɗakin, da wa mutanen suka yi ciniki, yaushe garin ya tashi. In an fizge shi an watsar da sauran, sai ya zama ƙarfe mai kyan gani kawai. Na ce masa ai mu ma mun san wannan a karatunmu. Magana komai daɗinta, in ba isnadi, malamai ba sa kafa hukunci da ita. Wane ya ji daga wane, a ina, yaushe: shi ne ƙimarta. Mai haƙa da dare yanke isnadi yake yi, kuma abin da ya yanke ba ya ƙulluwa har abada.

Mu a nan arewa ba sulalla aka fi yi mana ɓarna a kai ba, kawunan yumɓu ne da littattafai. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono wani ɗan kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Kaduna ta yau. A 1943 aka kai wa wani Bature, Bernard Fagg, wani kan da aka samu a wajen Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonar doyarsa a matsayin mutum-mutumi yana korar tsuntsaye da shi. Daga nan aka gane akwai wata al'umma da ta zauna a tsakiyar ƙasar nan fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, masu narka tama, masu gwanintar ginin yumɓu. Gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 kusan don su aka gina shi. Da Turai ta gano kyansu, farashi ya tashi, sai a shekarun 1990 ƙauyuka suka bar noma suka koma haƙa. Masanan jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka zo bincike tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya daga 2005, wurare da yawa ramuka suka tarar an riga su. Irin haka aka yi wa kayan yumɓun ƙasar Sakkwato da Katsina, da na Bura a Nijar, da na Jenne a Mali. Mali ce ma ta fara samun irin wannan kariya daga Amurka a Afirka, tun 1993. Mu sai ranar 20 ga Janairun 2022 aka sa hannu a tamu a Abuja, tsakanin minista Lai Mohammed da jakadiyar Amurka Mary Beth Leonard.

Kuma kada a ce ƙananan dillalai ne kaɗai. A shekarar 2000, zamanin shugaba Jacques Chirac, aka baje kayan yumɓun Nok biyu da na Sakkwato ɗaya a gidan tarihi na Louvre a Faransa, an saye su hannun wani dillali a Beljiyam, alhali dokar Nijeriya ta hana fitar da su. Da surutu ya yi yawa, a 2002 aka daidaita cewa na Nijeriya ne, amma Faransa za ta riƙe su aro shekara 25. Mai kaya ya koma mai ba da aron dole.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu tarawa suna cewa ku da kuke kuka, kun iya ajiya? A 1987 ɓarayi suka shiga gidan tarihi na Jos suka kwashe kaya, har da wani kan tagulla na Ife. Littattafan kakanninmu nawa gara ta cinye a soro, nawa ruwan sama ya jiƙa? Sannan, mu faɗi gaskiya tsakaninmu, fataucin kayan gargajiya daga Kano zuwa Kwatano da Lome da Abijan har Amurka, 'yan uwanmu Hausawa suna cikin manyan masu yin sa. Da yawansu sassaƙa sabuwa suke sayarwa, halal ɗinsu suke ci. Amma hanyar da sabon kaya ya bi, ita tsohon yake bi. Bature bai san hanyar kufai ba, ɗan gari ne ke kai shi.

Akwai kuma abu ɗaya da masu sulallan ke faɗa wanda nake ganin gwamnatinmu ya kamata ta saurara. Sun ce a duba Ingila: tun dokarsu ta 1996, wanda ya tsinci dukiyar da a ƙasa dole ya kai rahoto, in gidan tarihi yana so sai a kimanta a biya lada daidai kuɗinta, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Saboda haka mutane da kansu suke kai wa. A nan kuwa manomi in garmarsa ta tono tukunya, tsoro yake ji, don ya san in ya kai ba abin da zai samu sai tambayoyi. Dillali kuwa kuɗi a hannu. Dokar da ta hana ba ta ba da komai ba, talaka mai yunwa zai zagaye ta.

Na koma littattafanmu kafin Juma'a, don na san abin da wasu za su ce: ai rikazi ne, ka fitar da humusi ka ci saura. Haka ne, Risala ta kawo shi a babin zakka, dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, wanda ya same ta ya ba da kashi ɗaya cikin biyar. Amma wanda ya tsaya nan bai gama karatu ba. A Muhtasar, sauran kashi huɗun na mai ƙasar ne, ba na duk wanda ya zo da diga ba. In kuma akwai alamar Musulmi ne ya binne, ya zama tsintuwa, sai an yi cigiya shekara guda. Tone kabarin mutanen jahiliyya don neman dukiya ma an karhanta shi. Kufan da baƙon nan yake nufi, gonar yaron ce? Ya san ko kushewar wa zai buɗe? Ƙasar Gombe fa cike take da kufai. Fadar kanta daga Gombe Abba ta Modibbo Bubayero ta tashi zuwa Nafada, sannan ta dawo nan a 1919. A Burmi, inda aka yi yaƙi da Turawa a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru da ɗimbin jama'arsa suna kwance. Wanda ya saba wa hannunsa da tonon ƙasa don kuɗi, ba ya tsayawa ya tambayi mai kabari addininsa.

Sannan ga hukuma. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana haƙa irin wannan ba izini, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka amince wa, ta hana fitar da su waje ba takarda. A cikin abin da ta ƙirga har da rubutun hannu na gida da aka yi kafin 1918. A mazhabarmu ma'adinai ma hukuncinsu na hannun shugaba ne, don maslahar jama'a. Ban ga saɓon Allah a cikin wannan hanin ba da zan ce wa yaro ya take shi.

Wani dattijo a masallaci da na taɓa masa zancen ya ce, "Liman, kai ma da wahalar da kai. Gumakan arna ne fa, a sayar wa Turawa su tafi da tsiyarsu." Na ce, "Alhaji, in gumaka ne, ai cinikin gunki haramun ne a nassi, an haɗa shi da giya da mushe da alade. In kuwa ba gumaka ba ne, alamun mutanen da ne, to an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Wanne ka zaɓa? Ko ta ina ka bi, kuɗin ba ya shiga aljihu da daɗi." Ya yi dariya ya ce na ɗaure shi da rawaninsa. Sahabbai sun ci Masar, sun zauna a cikinta, dalar Fir'auna tana tsaye har gobe.

Yaron ya dawo bayan Juma'a kamar yadda muka yi. Na ce masa, "Ɗana, maganarka uku ce. Dala da aninai dukiyar gida ce, ba a ƙasa aka tono su ba, an san mai su, an san yadda ta same su. Cinikinsu halal ne. Amma ba naka ba ne kai kaɗai, gado ne. Kakarka ta bar 'ya'ya, sai an tara magada an raba, ko su yarda a sayar a raba kuɗin. In za ku sayar, ku kai wa maƙeran azurfa biyu ko uku su auna, kada baƙo ya yi muku wayo. In da ni ne, zan bar ɗaya a gida saboda jikoki.

"Littafin kuwa kada ya fita daga gidanku. Ka kawo mini shi in duba ƙarshensa, magabata sukan rubuta sunansu da na malaminsu da ranar da suka gama. Wataƙila a nan za ku ga garin da kakanku ya taso kafin ya sauka Gombe, abin da yanzu ba mai iya gaya muku. In kuna tsoron gara, akwai masu adana irinsa a Gidan Arewa a Kaduna da gidan tarihi na Jos, ana iya neman shawararsu.

"Ramin kuma babu kai babu shi. Kada ka je, kada ka kai kowa."

Ya yi shiru, ya ce, "To Baba Liman, Keken fa?" Wannan tambayar ta fi ta farko wuya, don fatawa ba ta sayen taya. Na yi magana da mutum biyu cikin 'yan kasuwar unguwa, mun samo masa Keke na biya a hankali, ni na tsaya masa. Yana fita da shi yanzu tsakanin Tashar Dukku da Babbar Kasuwa.

Gafakar tana wurina, mun buɗe ta tare da kawunsa. Littafin fiƙihu ne, warƙa ɗari da wani abu, gara ta ci gefe ɗaya, amma shafin ƙarshe yana nan da sunan marubucin da na garinsu a ƙasar Katsina. Baƙon kuwa na ji an ce ya bar masaukinsa. An ga wasu samari uku, ba 'yan unguwarmu ba, sun hau mota tare da shi da diga a ɗaure cikin buhu.